Ziyara Samaru da Kongo: Inda Ma'ajin Ɗalibai Ke Koyon Riƙon Amana

Wanda ya sauka a Kwangila ya shiga motar Samaru ba ya bukatar a gaya masa cewa ya doshi garin 'yan boko. Tun daga Palladan, daura da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, shagunan bakin titi ke fara sauya kama. Masu ɗaukar hoton fasfo, masu buga takardu da kwamfuta, masu ɗinke kundin bincike, 'yan POS a ƙarƙashin lema, duk sun jeru suna jiran ɗalibi. Kafin ka ankara an iso, ga babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a gefe ɗaya na titin Sakkwato, ga garin Samaru da hayaniyar kasuwarsa a ɗaya gefen.

An buɗe wannan jami'a ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne uban jami'ar na farko. Yawancin baƙi idan sun shigo, dogon ginin Sanet suke fara ɗaga kai su kalla, sai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, sai gumakan da ɗaliban zane da sassaƙa suka kakkafa a kusa da sashensu. Ni kuwa abin da ya kawo ni ba gini ba ne. Na zo ne in ga yadda shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai ke koyon riƙe kuɗin jama'a, da yadda ake koya musu fito da lissafi fili kowa ya gani.

Abin da allunan sanarwa ke faɗa

Idan kana son sanin yawan ƙungiyoyin da ke cikin jami'a, ka tsaya gaban allon sanarwa na kowace tsangaya, ko bakin ƙofar ɗakunan kwana irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Danfodio. Takarda kan takarda, wata ta rufe wata. Ga ƙungiyar sashe, ga ta tsangaya, ga ta 'yan jiha, ga ta 'yan ƙaramar hukuma, har da ta 'yan gari ɗaya. Ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, ga ta ɗalibai Kirista ta FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957. Sama da su duka akwai majalisar wakilan ɗalibai, sannan ofishin kula da harkokin ɗalibai na jami'a shi ke yi wa ƙungiyoyin rajista.

Kowace daga cikinsu tana da shugaba, da sakatare, da ma'aji, da sakataren kuɗi, wasu har da odita. Kuma kowace tana taɓa kuɗi. Akwai kuɗin ƙungiya da ɗalibi ke biya a farkon shekarar karatu, da kuɗin fom ɗin takara, da na riguna da mujallar yaye ɗalibai, da gudummawar tsofaffin ɗalibai da iyayen ƙungiya. A ɗauka, alal misali, sashe mai ɗalibai 400, kowa ya ba da Naira 2,000. An tara Naira 800,000 ke nan, kuma za a danƙa ta a hannun yaron da wataƙila bai taɓa riƙe abin da ya wuce kuɗin abincinsa na wata ba. Ba a yi masa adalci ba idan aka miƙa masa wannan nauyi ba tare da an nuna masa yadda ake ɗauka ba. Su ma waɗanda suka biya ba a yi musu adalci ba, domin cikinsu akwai wanda sai da mahaifinsa ya sayar da buhun masara kafin ya dawo makaranta.

Zaman safiyar Asabar

Zaman horarwar da na halarta an yi shi ne ranar Asabar da hantsi, a wani ɗakin lacca mai kujerun katako da suka sha rubutun biro. Mahalartan shugabanni ne da ma'ajiyai da sakatarorin kuɗi na ƙananan ƙungiyoyi, maza da mata, suna ta gaisawa da kiran juna Kwamared, Shugaba, Hajiya Ma'aji. Mai koyarwar malamin lissafin kuɗi ne, dattijo mai sanyin murya, kowa Malam yake ce masa.

Bai fara da wa'azi ba. Alli ya ɗauka ya ja layi biyar a allo: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Ya ce duk ƙungiyar da ba ta da littafi mai waɗannan gidaje biyar, to ba ta da ma'aji, mai ajiya kawai take da shi. Daga nan ya raba takardu ɗauke da lissafin wata ƙungiya ta ƙirƙira, da gangan aka cusa kurakurai a ciki, ya ce a kasu gida-gida a zaƙulo su. Nan fa aji ya kaure. Wani rukuni ya gano an biya kuɗin hayar kujeru sau biyu. Wani ya gano an rubuta sayen lemo ba rasit. Na ƙarshe ya fi ba su wahala: an karɓi gudummawar wani bawan Allah a hannu, an kashe ta a wurin taro, ba ta taɓa shiga littafi ba. Ba wanda ya saci ko kwabo a wannan labari, amma kuma ba mai iya tabbatar da cewa ba a sata ba. Malam ya ce nan ne yawancin shugabannin ɗalibai ke faɗawa, mutumin kirki ya wayi gari ana nuna shi da baki, shi kuma ba shi da takardar da zai wanke kansa.

Ƙa'idojin da ya shimfiɗa ba su da yawa. Na farko, kada mutum ɗaya ya haɗa amincewa da biya da rubutawa. Shugaba ya amince da kashe kuɗi a rubuce, ma'aji ya biya, sakataren kuɗi ya shigar a littafi, odita kuma ya zo daga baya ya duba, kuma kada oditan ya kasance cikin masu kashewa. Na biyu, kuɗin ƙungiya su zauna a asusun banki mai sunan ƙungiya, wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake cirewa. Na uku, kafin a kashe sisi a kai kasafin shekara gaban babban taron mambobi su amince. Na huɗu, duk sayayya mai tsoka a nemo farashi daga wuri uku, kuma idan mai shagon ɗan'uwan wani shugaba ne, a faɗa tun kafin a saya. Na biyar, ƙarshen kowane wata a karɓo takardar bayanin asusu daga banki a gwada da littafi, layi bayan layi.

Batun asusu ya ja muhawara. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, ɗalibai sun saba da biyan komai ta waya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ma'aji ya ba da lambar asusunsa na OPay ko Moniepoint a zauren WhatsApp, kowa ya tura ya aiko da hoton shaida. Wani shugaba ya miƙe ya ce buɗe asusun ƙungiya na da wahala, banki na neman takardu iri-iri, ga shi wa'adinsu shekara ɗaya ne kacal. Malam bai musa ba. Ya ce wahalar ta mako biyu ce ko uku, amma asusun zai zauna wa waɗanda za su gaje su, sai dai a sauya masu sa hannu. Ya ƙara da cewa ranar da kuɗin abincinka da na ƙungiya suka kwana a asusu ɗaya, kai kanka ba za ka ƙara sanin wanne ka ci ba.

Littafin wata ma'aji

Da aka tafi hutun rabin lokaci, wata ɗaliba 'yar aji uku, ma'ajin ƙungiyar 'yan ƙaramar hukumarsu, ta nuna mini littafinta. Babban littafi ne mai baƙin bango, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi. Ta ja layukan da jan biro, rubutun kuma da shuɗi. A bayan kowane shafi ta maƙala rasit da abin ɗinke takarda, ta sa wa kowanne lamba daidai da layinsa. Wasu rasit ɗin na injin POS ne, sun koɗe sun koma fari fat, don haka ta koyi ɗaukar hotonsu tun ranar da aka ba ta, ta kuma rubuta adadin da hannu a gefe. Inda ba a ba da rasit, kamar kuɗin Keke Napep da ya ɗauko tabarmi ko ladan mai shara, ta yanki 'yar takarda ta rubuta abin da aka yi da nawa aka biya, wanda aka aika ya sa hannu, shugaba ya sa nasa a ƙasa.

A shafi ɗaya na ga an ja layi ɗaya a kan wani adadi, an rubuta daidai a samansa, ga sa hannu ƙanana guda biyu a gefe. Ba a goge ba, ba a yage shafin ba. Wannan ɗan layi ya fi komai burge ni a littafin, domin duk mai dubawa zai ga abin da aka fara rubutawa, da abin da aka gyara, da waɗanda suka shaida gyaran.

Na tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala. Ta ce ba lissafi ba ne, rance ne. Ƙawa za ta zo da hawaye, kuɗin gida bai iso ba, ga jarrabawa, ta san kuma akwai kuɗin ƙungiya a hannunta. Hana ta na da ciwo, ba ta kuma cin amana ne. Da aka dawo aji sai ta kawo maganar gaban Malam. Amsarsa ita ce ƙungiya ta ware wani kaso na taimakon gaggawa a cikin kasafinta, babban taro ya amince da shi, a sa mutum uku su riƙa duba bukata, a rubuta adadin da aka bayar amma a sakaya sunan wanda aka taimaka. Ta haka tausayi ya samu ƙofarsa, ma'aji kuma ta samu abin da za ta faɗa wa ƙawarta ba tare da zumunci ya ɓaci ba.

Daga nan hira ta gangaro kan abin da kowa a ɗakin ya sani, wato kunya. A wurinmu, ka ce wa mutum ya kawo lissafi kamar ka ce masa ɓarawo ne. Shi ya sa mambobi kan yi shiru a taro, su fita su yi ta gunaguni a gindin bishiya. Wani ɗalibi ya tunatar da cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Wata ɗaliba Kirista ta ce Manzo Bulus ma da zai kai gudummawar ikilisiyoyi Urushalima bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da waɗanda jama'a suka zaɓa, don kada a samu abin zargi. Malam ya ce to ashe ba baƙon abu ya kawo musu ba. Maganin kunyar shi ne shugaba ya riga mai tambaya: ya liƙa lissafin wata a allon sanarwa, ya tura a zauren WhatsApp, tun kafin wani ya buɗe baki.

Darasin ƙarshe a kan miƙa mulki ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji Malam. Shugabanni masu barin gado su miƙa littafi, da rasit, da takardar banki ta ƙarshe, da jerin kayan ƙungiya tun daga lasifika har hatimi, da bashin da ake bin su da wanda suke bi, a gaban malamin da ke ba ƙungiyar shawara. Ƙungiyoyi da yawa a jami'o'inmu duk shekara daga sifili suke farawa, saboda waɗanda suka gama sun tafi hidimar ƙasa da komai a cikin jakarsu.

Kongo, tsohuwar makarantar ma'ajiyai

Da yamma na koma cikin gari na nufi harabar Kongo, kusa da Tudun Wada. Kongo ba ta da faɗin Samaru, kuma ta fi ta natsuwa. Tsofaffin gine-gine ne masu baranda da inuwar manyan itatuwa, ɗaliban shari'a na kai da kawo cikin fari da baƙi. A nan Cibiyar Koyon Mulki take, wadda ta girmi jami'ar kanta. An fara ta a 1947 a matsayin makarantar horar da akawuna, daga baya ta zama inda ake kawo ma'aikatan En'e daga lardunan Arewa, ma'ajiyai da malaman baitulmali da magatakarda da alƙalai, a koya musu aikin ofis da tsare dukiyar jama'a. Da aka kafa jami'a a 1962 sai aka shigar da ita ciki, kuma har yau a nan ake karantar da mulkin ƙananan hukumomi.

Tsayuwa a wannan haraba ta sa na ga zaman safiya da wani ido. Mutanen da suka gina aikin gwamnati a Arewa ba su ɗauka cewa ɗan gidan mutunci zai iya riƙe baitulmali don kawai ya fito daga gidan mutunci ba. Sun turo shi Zariya ya zauna a aji, ya koyi cike bauca, da rufe littafi, da amsa tambayar odita. Tarbiyya daga gida ake zuwa da ita, amma tsare kuɗin jama'a sana'a ce, koyonta ake yi. Abin da ɗaliban Samaru ke yi da littafinsu mai baƙin bango ci gaban wannan aiki ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Daga kwabo hamsin zuwa majalisa

Ɗaliban wannan jami'a suna da tarihin tambayar masu mulki. A watan Afrilun 1978, lokacin da gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta jagoranci zanga-zangar neman Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kujerar ilimi. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da nan Samaru, aka haramta NUNS, sai a 1980 NANS ta maye gurbinta. Waɗanda suka gaji wannan gwagwarmaya suna da haƙƙin su tambayi gwamnati inda kuɗin ilimi suka shiga. Amma bakin shugaban ɗalibai ya fi kaifi idan lissafin ƙungiyarsa na liƙe a allo. Wanda bai iya bayanin dubu ɗari takwas ba, da wace fuska zai nemi bayanin biliyan?

Kuma waɗannan yara ba za su daɗe a aji ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan ya yi karatun kimiyyar sinadarai, kuma shi ne shugaban ƙasar da ya bayyana kadarorinsa ga jama'a a watan Yunin 2007. Nuhu Ribadu, shugaban EFCC na farko, a wannan jami'a ya karanta shari'a. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014, a nan ya karanta tattalin arziki. Tun da aka sa hannu a gyaran tsarin mulki na 2018 wanda ya rage shekarun takara, ɗan shekara 25 na iya zama ɗan majalisar jiha ko na wakilai. Ma'ajin ƙungiyar sashe na bana, nan da 'yan shekaru kaɗan yana iya zama cikin kwamitin da ke duba kasafin jiharsa.

Dokoki kam muna da su. Akwai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ga ICPC tun 2000, har tana kafa rukunonin ɗalibai masu yaƙi da rashawa a manyan makarantu. Abin da doka ba ta iya yi shi ne ta saba wa hannu da neman rasit, ta saba wa kunne da jin tambaya ba tare da rai ya ɓaci ba. Wannan sabo a ƙananan wurare ake samunsa, inda kuɗin ba su da yawa, masu tambayar kuma abokan karatu ne.

Saboda haka ina ganin bai kamata irin wannan zama ya dogara ga sa-kai na malami ɗaya ba. Kowace jami'a, daga Zariya zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri, tana iya sa shi sharaɗi: ba za a rantsar da shugaba ko ma'aji ba sai ya halarci horarwa, ba za a sabunta rajistar ƙungiya ba sai ta kawo lissafin bara da sa hannun odita. Ɗaliban lissafin kuɗi na ajin ƙarshe suna iya duba littattafan sauran ƙungiyoyi, su samu gogewa, ƙungiyoyin su samu odita kyauta. Tsofaffin ɗalibai da 'yan siyasa masu ba da gudummawa su daina miƙa ambulan a hannu, su tura asusun ƙungiya, su nemi a aiko musu da bayanin abin da aka yi.

Babban nauyin kuma yana kan ɗalibin da ya biya Naira 2,000 ɗinsa. Ya halarci babban taro, ya karanta takardar da aka liƙa, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambayi abin da bai gane ba. Idan lissafi ya fito daidai, ya miƙe ya yaba wa ma'aji a gaban kowa, domin mai riƙon amana ma yana bukatar a shaide shi. Ɗalibin da ya saba da haka a makaranta, gobe shi ne zai je sakatariyar ƙaramar hukumarsu ya tambayi abin da aka yi da kason wata.